LUSAIL: FILIN WASAN DA KE JI YANA GANI

Katar 'yar ƙaramar ƙasa ce da ta kutsa cikin Tekun Fasha, ruwa ya kewaye ta ta fuska uku, ta kudu kaɗai ta yi iyaka da Saudiyya. Girmanta duka kaɗan ya ɗara rabin Jihar Kano. Ba ta da kogi ko ɗaya, ba ta da dogon dutse, sai rairayi da tsakuwa da fadamun gishiri. A zamanin da sana'ar mutanenta su ne da nutso cikin teku neman lu'ulu'u, har aka fara fitar da man fetur a 1949. A 1971 kuma, shekarar da ta sami mulkin kai daga hannun Ingila, aka gano wata makekiyar taskar iskar gas a ƙarƙashin tekunta na arewa. Da ƙarfin wannan arziki ne ta nemi baƙuncin gasar cin Kofin Duniya ta ƙwallon ƙafa, aka kuwa ba ta ran 2 ga Disamba, 2010.

Sa'ad da aka yi wannan shela, mutane da yawa a duniya sun riƙe baki. Gama ƙasar da zafinta kan wuce digiri 40 da rani, wadda mutanenta duka, 'yan ƙasa da baƙi, ba su kai miliyan 2 ba a lokacin, ina za ta kai taron duniya? Amsar da ta bayar ita ce filayen wasa guda 8, waɗanda aka ɗaure su da igiya guda ta wayoyi da na'urori, har ya zamana daga ɗaki ɗaya ake lura da su duka. Babbansu shi ne na Lusail.

Hanyar Lusail

Matafiyin da ya sauka a Doha, babban birnin ƙasar, ba ya bukatar mota. Daga tashar Mushairib da ke tsakiyar gari, kusa da tsohuwar kasuwar Waƙif inda ake sayar da turare da kayan yaji da shaho, zai shiga jirgin ƙasa na jan layi ya nufi arewa. An buɗe wannan hanya a 2019, kuma jiragenta ba su da direba. Na'ura ce ke tayar da su, ita ke tsayar da su. Jirgin zai bi ta ƙarƙashin unguwar dogayen benaye da ke bakin teku, ya wuce Katara da Jami'ar Katar, kana ya ƙare tafiyarsa a tashar Lusail, wajen kilomita 20 daga inda aka taso.

Lusail sabon birni ne da aka zana a takarda kafin a aza tubali, amma sunan tsoho ne. A nan ne Shaihu Jasim bin Muhammad Al Sani, wanda ake ɗauka shi ne ya kafa ƙasar, ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa, a nan kuma ya rasu a 1913. Inda a da ba a ganin komai sai raƙuma da 'yan tsire-tsiren hamada, yau tituna ne masu faɗi da gine-ginen gilashi, waɗansu cike da mutane, waɗansu har yanzu suna jiran masu shiga.

Da an fito daga tasha sai ido ya faɗa kan filin. Kamanninsa kamar wata ƙatuwar tasa ce ta zinariya da aka ajiye a tsakar fili, jikinta duk huji-huji masu kusurwa uku. Kamfanin Foster + Partners na Ingila ne ya zana shi, ya ɗauko siffar daga akusan Larabawa na da da kuma fitilarsu da ake kira fanar. Da rana yana ƙyalli har ya kashe ido. Da dare kuwa haske kan fito ta hujojin nan kamar an kunna aci-bal-bal a cikin kwando. An fara gininsa a 2017. Ranar wasan ƙarshe, 18 ga Disamba, 2022, mutum 88,966 ne suka zauna a cikinsa suka ga Ajantina da Faransa sun yi 3 da 3, kafin Ajantina ta ɗauki kofi a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Amma zinariyar waje ado ce kawai. Abin da ya bambanta wannan fili da waɗanda aka saba gani ɓoye yake a cikin bango da rufi da ƙarƙashin kujeru: dubban 'yan ƙananan na'urori ne masu ji da gani, kowace da aikinta. Wata zafi take aunawa, wata laimar iska, wata tana ƙidayar masu shiga, wata tana sauraron famfo ko ya fara yoyo. Dukansu kuma suna aika rahoto ta waya, dare da rana, ba sa hutu. Tun daga ƙofa ma aikin ke farawa. A lokacin gasar, tikitin yawancin 'yan kallo a cikin wayar hannu yake; mutum zai kara wayarsa a jikin ƙofa, ƙofa ta karanta, ta ba shi hanya, nan take ta sanar da cewa an ƙaru da mutum guda ta mashiga kaza.

Sanyi a Tsakiyar Hamada

Wanda bai san zafin Doha ba, ga misali. A watan Satumba na 2019 an yi gasar guje-guje ta duniya a birnin. Aka ɗaga tseren mata na dogon zango zuwa tsakar dare domin gudun rana, amma duk da haka cikin mata 68 da suka tashi, 40 kaɗai suka kai ƙarshe. Alhali kuwa waɗanda suka yi nasu wasannin a cikin filin Khalifa, mai na'urar sanyi, ba su ga wannan wahala ba.

Mutumin da ya jagoranci aikin sanyaya filayen nan shi ne Dokta Sa'ud Abdul'aziz Abdul Gani, haifaffen Sudan, malami a Jami'ar Katar, wanda a farkon aikinsa ya yi nazarin sanyaya cikin mota a Ingila. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce. Filin wasa a buɗe yake ta sama, don haka wanda ya ce zai sanyaya shi duka, sama yake so ya sanyaya. Amma iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, ƙasa take kwantawa kamar ruwa a cikin ƙwarya. Saboda haka abin da ake bukata shi ne a shimfiɗa sanyi a inda mutane suke kurum, watau a kan ciyawa da kan kujeru, a bar zafi ya yi ta yawonsa a bisa.

Wanda ya duba ƙarƙashin kujera zai ga 'yan ƙananan tagogi da ke huro iska a hankali wajen idon sawu. A gefen fili kuma akwai manyan bakuna, kowane ya kai girman ƙwallo, masu feso sanyi ga 'yan wasa. Ana sanyaya ruwa a wani gida dabam, a tura shi ta bututu, iska ta bi ta kansa ta yi sanyi. In ta gama zagayawa sai a zuƙo ta, a tace ƙura, a sake sanyaya ta, a mayar. Kafin a gina filayen, sai da aka ƙera ƙananan samfurinsu aka sa su cikin wani ɗaki mai hura iska, aka busa musu hayaƙi domin a ga ta inda zafi zai kutso. Wannan gwaji ne ya sa aka sauya launin rufin filin Al Bait, mai siffar tantin makiyaya, daga mai duhu zuwa mai haske.

A nan ne ma'aunai suke shigowa. Kowane ɗan kallo ƙaramin murhu ne, jikinsa yana fitar da zafi da gumi. Ɓangaren da ya cika da mutane, da wanda rana ke duka, da wanda babu kowa, bukatarsu ba ɗaya ba ce. Ma'aunan da ke warwatse cikin filin su ke faɗin halin kowane ɓangare, a ƙara sanyi nan, a rage can, ana neman a tsaya a wajen digiri 20 ko sama kaɗan. Fili 7 cikin 8 ne aka yi wa wannan gata. Na takwas, wanda ake kira 974 domin da akwatunan dakon kaya na jirgin ruwa 974 aka gina shi, iskar teku aka bar wa aikin.

Ita ma ciyawa ba a bar ta ga sa'a ba. Irinta daga Amurka aka kawo shi. Kowane fili yakan sha lita 10,000 na ruwa a rana da hunturu, da rani kuwa har 50,000, kuma ruwan teku ne da aka cire wa gishiri. Da gasa ta gabato, tun watan Satumba aka riƙa hura wa ciyawar iska mai sanyi domin ta zaci hunturu ya shigo, ta yi kore a kan kari.

Ƙwallo Mai Magana

Abin da ya fi jan hankalin masu kallon talabijin shi ne ƙwallon kanta. Kamfanin Adidas ya sa mata suna Al Rihla, watau tafiya. A tsakiyar cikinta an rataye wata 'yar na'ura da ke aika labarin motsinta sau 500 a cikin daƙiƙa guda, har sai an yi mata caji kafin wasa kamar wayar hannu. A ƙarƙashin rufin fili kuma akwai kyamarori 12 da ba su da wani aiki sai bin 'yan wasa, suna lura da wurare 29 a jikin kowane ɗaya, sau 50 a daƙiƙa. Ƙwallo ta faɗi lokacin da aka buga ta, kyamarori su faɗi inda kowace ƙafa da kafaɗa take a wannan lokaci, kwamfuta ta haɗa biyun ta ce an yi satar gida ko ba a yi ba. Sai dai ba ita ke busa usur ba. Rahotonta ga mataimakan alƙalin wasa yake zuwa, su duba, su tabbatar, kana su gaya wa na cikin fili.

Tun a mintunan farko na gasar, ran 20 ga Nuwamba, na'urar ta nuna kanta, aka soke ƙwallon da Enner Valencia na Ikwado ya jefa a ragar Katar. Bayan kwana biyu, a nan Lusail, aka soke wa Ajantina ƙwallo 3 kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da aka dawo Saudiyya ta ci ta 2 da 1, washegari aka ba da hutu a ƙasar Saudiyya baki ɗaya. Ran 28 ga wata kuma, a wannan fili dai, Cristiano Ronaldo na Fotugal ya ruga yana murna a kan cewa kansa ya shafi ƙwallon da ta shiga ragar Yurugwai. Na'urar cikin ƙwallo ta nuna babu abin da ya taɓa ta tun da ta bar ƙafar Bruno Fernandes, aka rubuta cin da sunan Fernandes.

Ɗakin da Ke Ganin Kome

Wanda ke son ganin inda dukan rahotannin nan ke taruwa, sai ya bar Lusail ya koma yammacin Doha, unguwar wasanni ta Aspire, inda filin Khalifa yake tun 1976. A nan aka kafa cibiyar lura da filayen 8. Ɗaki ne mai faɗi, bangonsa duk allon talabijin, ma'aikata suna zaune layi-layi kowa da kwamfutarsa. A lokacin gasar, kyamarori fiye da 15,000 ne suke turo hotuna zuwa wannan ɗaki, ma'aikata fiye da 100 suna karɓa-karɓa.

Kowane fili yana da tagwayensa a cikin kwamfuta, watau cikakken zanensa da ke sauyawa daidai da abin da ke faruwa a can. In wata ƙofa ta ƙi buɗuwa, ko lifta ta tsaya, ko zafi ya hau a wani lungu, wurin zai nuna alama a jikin zanen. Daga kujerarsa ma'aikaci yana iya ƙara sanyi, ko ya buɗe ƙofa, ko ya sa saƙo a allunan sanarwa na filin da ke nesa da shi da kilomita masu yawa. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ɗakin ne da kansa ke faɗa wa mai shi.

Mafi muhimmancin aikin cibiyar shi ne ƙidayar taro. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima; to, idon ɗan sanda guda a bakin ƙofa ba ya ganin abin da ke bayan kwana. Kwamfuta kuwa tana ƙirga kawunan da ke cikin hoton kowace kyamara, an kuma sa wa kowane lungu da matakala iyakar abin da za su ɗauka. In adadi ya doshi iyakar, sai ta yi gargaɗi, domin a karkatar da jama'a ta wata hanya tun cunkoso bai zama turmutsitsi ba.

Dalilin wannan ɗawainiya a rubuce yake da jini. A 1979, a Babban Filin Wasa na Surulere a Legas, fitilu suka mutu bayan wani wasa, aka yi rige-rigen fita cikin duhu, mutum fiye da 20 suka rasu. Ran 9 ga Mayu, 2001, a Ankara ta ƙasar Gana, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, jama'a suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum 126 suka halaka. A cikin 2022 kanta, mutum 8 sun mutu a ƙofar filin Olembe na Yawunde a watan Janairu, sa'an nan ran 1 ga Oktoba, mako bakwai kafin gasar Katar, mutum 135 suka rasa rayukansu a Malang ta Indunusiya. A mafi yawan irin waɗannan masifu, ba gini ne ke rushewa ba; mutane ne kan yi yawa a ƙaramin wuri, wanda ke riƙe da mabuɗi kuma bai sani ba, ko ya sani bai motsa ba.

Inda Na'ura Ta Tsaya

Amma kada a ɗauka waya da kyamara sun kawar da dukan matsala. Ran 9 ga Satumba, 2022, an yi wasan gwaji a Lusail tsakanin Al Hilal ta Saudiyya da Zamalek ta Masar, mutum fiye da 77,000 suka halarta. Kafin a kai rabin lokaci ruwan sha ya ƙare a wuraren sayarwa, ga zafi ga gumi, bayan an tashi kuma jama'a suka yi dogon layi na sa'o'i kafin su kai tashar jirgi. Na'urori suna nan a ranar, suna gani, amma ba su ɗauko ko gora guda ta ruwa ba. Amfanin daren shi ne masu shiri sun ga inda baki ya karkata, suka gyara kafin baƙi su iso. Haka kuma ran 21 ga Nuwamba, a wasan Ingila da Iran a filin Khalifa, tikitin waɗansu 'yan kallo ya ɓace daga wayoyinsu, suka tsaya cirko-cirko a waje har aka fara wasa. Tikitin takarda bai taɓa yin wannan ba.

Babban darasi kuwa ya girmi dukan na'urorin nan. Ran 15 ga Afrilu, 1989, a filin Hillsborough da ke Shafil ta Ingila, akwai ɗakin lura na 'yan sanda, akwai kyamarori, ɗakin ma yana kallon ainihin wurin da magoya bayan Liverpool suka cunkushe. Shugaban 'yan sandan ranar ya ba da umurni a buɗe wata babbar ƙofa domin rage taron waje, amma bai sa an toshe hanyar da ke kai wa ga wurin da ya riga ya cika ba. Mutum 97 ne suka rasu ta dalilin wannan rana, kuma a 2016 masu bincike suka yanke cewa kisa ne ba bisa doka ba. Gani ya samu a ranar; hukunci mai kyau ne bai samu ba.

Akwai kuma farashin da ba a rubuta a jikin tikiti ba. Kyamarorin nan suna iya gane fuskar mutum guda a cikin dubbai, kuma kowane baƙo sai da ya ba da hotonsa da bayanin fasfonsa kafin ya sami katin shiga ƙasa mai suna Hayya. Hukumomin kare sirrin jama'a na Jamus da Faransa da Norwe sun gargaɗi mutanensu game da manhajojin da aka bukaci a sa a waya. Idon da ke tsare mutum daga turmutsitsi, shi ne dai ke sanin inda ya zauna da wanda ya zauna da shi.

Sa'an nan ga waɗanda suka yi ginin, leburori daga Nepal da Indiya da Bangaladash da Kenya da Yuganda da Gana da sauransu, waɗanda suka ɗauki ƙarfe a cikin zafin da aka kashe dukiya domin kare 'yan kallo daga gare shi. Shugaban kwamitin shirya gasar, Hassan Al Sawadi, ya faɗa a watan Nuwamba na 2022 cewa ma'aikatan da suka rasu a ayyukan da suka shafi gasar sun kai tsakanin 400 da 500. Sai a 2021 ne aka kafa dokar da ta faɗaɗa hanin aiki a rana, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba, ta kuma ce a dakatar da aiki a kowane lokaci in ma'aunin zafi da laima ya wuce 32.1. Wannan ɗan ma'auni na wurin gini bai kai ƙwallon Al Rihla suna ba, amma rayukan da ke rataye da shi sun fi kowane ci a raga.

Bayan Taro

An yi wasa 64, 'yan kallo fiye da miliyan 3 suka shiga suka fita, ba a sami turmutsitsin da ya ci rai a filayen ba. Lusail bai rufe ƙofa ba bayan haka. A cikinsa ne Katar ta ci Jodan 3 da 1 ta riƙe Kofin Asiya ran 10 ga Fabrairu, 2024, a cikinsa kuma Real Madrid ta ci Pachuca ta Meziko a watan Disamba na wannan shekara. Amma a yawancin ranaku tasar zinariyar shiru take, ba kowa sai masu gadi da masu ban ruwa, na'urori suna ta aika rahoton kujerun da babu kowa a kansu.

Nijeriya ba ta je Katar ba. Ran 29 ga Maris, 2022, ta yi 1 da 1 da Gana a filin Moshood Abiola na Abuja, ta rasa gurbi, 'yan kallo suka ɓalle suka afka cikin fili suka yi ɓarna. Ba kowace ƙasa ce ke da taskar gas da za ta sanyaya hamada ba, ba kuma lalle ne ta yi ba. Amma abin da ya fi tsare rai a Lusail ba shi ne ya fi tsada ba: ƙofar da ke ƙirga masu shiga ta tsaya in an cika, fitilar da ba ta mutuwa in wuta ta ɗauke, hanyar fita a buɗe tun kafin a tashi, da kuma mutum guda horarre a ɗakin lura wanda aka ba ikon ya ce a buɗe, a kuma buɗe nan take. Hukumomin filayenmu na Legas da Abuja da Kaduna da Kano da Uyo suna iya farawa daga nan. Allah ya sa duk wanda ya fita kallon wasa ya koma gida lafiya.